Ya Ne?

Shekara talatin ina ɗinke wa mutane littattafai a Gangare,
ban cika karanta su ba.
Zare, gam, allura mai kauri, bango baƙi ko shuɗi.
Ran Talata wuta ta ɗauke tun hantsi,
ga kundin Nanret a gabana,
falsafa take karanta a Naraguta.
A shafukan ƙarshe ta jera manyan kalmomi,
ta yi musu Hausa da jan biro a gefe,
wai ta ga ko za su zauna.

Wujudi: samuwar abu.
Adam: rashinsa.
Na leƙa waje, ga Adamu mai walda a kan benci.
Shi dai yana nan. Wuta ce babu.

Jauhari: abin da ya rage
in ka tuɓe wa abu launi da nauyi da wari.
Na ɗauki dankalin turawa guda cikin buhun Inna Kande,
na tuɓe shi a raina har ya ƙare,
na mayar mata da kayanta.

Sai ga Lurwanu, yarona, daga Taminus da gwangwanin gam.
"Baba, ya ne?"
Kalma biyu, bai ko tsaya jin amsa ba.
Tambayar nan ce fa Nanret ta bi shafi arba'in,
ta dawo da ƙaya a zani.
Abokinsa ya amsa daga ƙetaren kwata: "Nomal."
Aka rufe babi.

A Hausar ubana, yawa shi ke cika rumbu.
A bakin yaran Jos, yawa rigima ce,
"ba yawa" kuwa, lafiya lau.
Kundin ya ce wasu mutanen da, a wata ƙasa mai duwatsu kamar tamu,
sun rantse wanda ya rage kaya ya rage damuwa.
To, su da Lurwanu sun haɗu a mararraba,
ba wanda ya san sunan wani.

Wanka, a wurinsu, ba ruwansa da ruwa.
Riga ce da agogo da takalmin aro.
Zahiri ke nan, in ji jan biro.
Baɗinin yana aljihu: naira ɗari biyu, ɗaya ma a yage.

Gara shi ne mai yarda ba hujja,
wanda ya sayi waya a kwali
ya je gida ya tarar da sabulu.
An yanke shi, ba jini.
Babi na uku kan shakka ne kacokan;
da ya karanta, da kuɗinsa na nan.

Da la'asar ta zo, ruwan Agusta ya jiƙa mata gyale.
Na san ubanta, Gofwen.
Ni na ɗinke masa littafin addu'arsa da ya wargaje,
kafin shekarar da muka daina ƙetare gada,
su can, mu nan,
kowa da mahaucinsa.
Na ce, "Ya tsohon?"
Ta ce, "Sai a hankali."

Hankali, a shafi na ɗari da sha tara,
ma'auni ne, fitilar da ke raba gaskiya da kama-da-wane.
A bakinta kuwa ƙafa ce da ta kumbura,
da fanshon da bai fito ba,
da mutum bai mutu ba, bai kuma tashi ba.
Ban san wanne ya fi nauyi a sikeli ba.

Ta biya, na rage mata ɗari biyar, ta ƙi, na ƙi.
Tana fita Lurwanu ya ɗaga hannu, ko kai bai ɗago ba:
"Ana tare."
Ta ce, "Ana tare."

Na koma kwafin da ya rage, na bi jerin da yatsa
daga alif har ƙarshe.
Babu ita.
Na ɗauki fensir zan ƙara a gefe,
sai wuta ta dawo,
Adamu ya tashi, ƙarfe ya fara kuka.